Yadda Za Ka Sauya Birkin Motar Mahaifinka Cikin Kwana Uku

Ka zo wurin da ya dace. Idan kana da tsohuwar mota mai birkin ganga, irin wadda sai ka fara takawa tun daga masallaci kafin ta yarda ta tsaya a ƙofar gida, kuma kana son ka sa mata birkin faifai a ƙafafun gaba, to ga alkawarina: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka gama cikin kwana uku, da hannunka, ba tare da ka roƙi kowa ba. Ni Sarfaraz Tanoli, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a nan Abbottabad kafin na yi ritaya, kuma na gwada hanyar nan da kaina. Ni mako biyar ta ci mini. Amma ai shi ya sa nake rubuta maka.

Mataki na ɗaya: Ka tabbatar birkin ya mutu, a gaban shaidu

Kada ka yi aiki da jita-jita. Matarka za ta iya shekara biyu tana cewa motar ba ta tsayawa, wannan ra'ayinta ne kawai. Mai ilimi hujja yake nema.

Motar da nake magana ta mahaifina Abba-ji ce, Allah ya jiƙansa. Baƙa ce, ƙirar Ingila, ta shekarar 1961, kujerunta na fata. Wata Talata da hantsi na ɗauko matata Shagufta za mu kasuwa, muka biyo dogon gangaren nan na unguwarmu. Tun daga sama ƙafata ke kan birki. Muna kai rabin gangaren na ji wani ƙauri kamar an bar tukunya a wuta, na ƙara takawa, motar ta yi kamar ba da ita nake ba.

"Sarfaraz, ka taka mana!"

"Ina takawa!"

"To me kake takawa?"

Allah ya taimake mu wani bawan Allah yana gini a ƙasan gangaren, an zube masa yashi a bakin titi. A cikin yashin nan muka tsaya, daidai gaban mai shayi, inda tsofaffin ɗalibaina kusan takwas ke zaune. Duk suka miƙe tsaye don girmamawa. Ɗaya har ya ce, "Sannu da zuwa, Masta-ji."

Shagufta ta buɗe ƙofa, ta gyara mayafinta, ta leƙo ta taga.

"Na sauka," ta ce. "Kuma ba saukar yau kaɗai nake nufi ba."

Ta tafi gida a ƙasa. Ka ga yanzu kana da hujja.

Mataki na biyu: Ka jira sai lokacin da babu lokaci

Gyaran da aka yi cikin natsuwa ba ya nuna gwanintar mutum. Ka bar motar a tsakar gida wata biyu, ka lulluɓe ta da tsohon bargo, har sai wani abu ya taso.

Ni abin da ya taso mini waya ce daga ƙauye. Khala Resham Jan, ƙanwar mahaifiyata, ta kwanta ciwo. Su bakwai aka haifa, su biyu suka rage. Ƙauyen yana can saman dutse, bayan an bar hanyar Thandiani, kwana ne a kan kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami.

Mahaifiyata Ammi shekararta tamanin da biyu, kuma tun rasuwar Abba-ji ba ta shiga motar kowa ba sai tasa. Yayana, Lala Aurangzeb, yana da sabuwar mota mai sanyi, ya kawo ta har ƙofar ɗakinta. Ko kallonta ba ta yi ba.

"A motar babanku na sauko daga ƙauyen nan ina amarya," ta ce. "A cikinta zan koma in ga 'yar'uwata."

Shagufta ta ce, "Ammi, motar nan ba ta da birki. Ni shaida ce."

A nan ne za ka miƙe tsaye. Ka gyara murya, ka ɗaga yatsu uku.

"Kwana uku, Ammi. Zan sa mata birkin zamani."

Ta dube ni, ta dubi yatsun. "Allah ya yarda," ta ce, da irin muryar da take yi wa mai tallan kayan miya.

Mataki na uku: Ka nemi shawara don ka san abin da za ka ƙi bi

Fara da yayanka. Lala shekara ashirin bai tuƙa motar nan ba, bai taɓa wanke ta ba, amma yana jin maganar faifai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ko ƙusa ɗaya ba za ka canja ba. Yadda Abba-ji ya bar ta, haka za ta zauna."

"Lala, ba ta tsayawa."

"Shi da ya tuƙa ta shekara arba'in, a ina ka ga ya wuce gida? Ƙafarka ce ba ta da tarbiyya."

Ka sunkuyar da kai, ka ce to. Yaya ne. Yana fita ka ɗauko akwatin kayan aiki.

Sai kuma matarka. Za ta ce ka kai wa makaniki. Tawa ma sunan ta kama: Ustad Shamraiz, mai gareji a bayan tashar motoci, wanda duk mai tsohuwar mota daga nan har Mansehra wurinsa yake zuwa.

Kada ka je. Ni ina da dalili mai ƙarfi. Shamraiz ɗalibina ne a aji shida, shekara talatin da suka wuce. Na ce ya nuna mini kogin Indus a taswira, ya ɗora yatsa a tsakiyar teku. Na tsayar da shi a kan benci, na gaya wa aji duka cewa wannan kan nasa ko tukunya ba za a yi da shi ba, don tukunya tana riƙe abin da aka zuba mata. Bai ƙara shekara a makarantar ba. Tun daga nan in na hango shi a kasuwa, sai in ga ina da buƙata a ɗaya layin.

"Malami ba ya zuwa wurin ɗalibinsa neman ilimi," na gaya wa Shagufta.

"A'a," ta ce. "Yashi yake zuwa."

Mataki na huɗu: Ka sayo kaya da idon gwani

Ka hau motar haya ka tafi kasuwar tsofaffin kayan mota a Rawalpindi. Abin da kake nema: faifai biyu na ƙarfe, kalifa biyu, wato ƙarafan da ke cafke faifan kamar awartaki, ƙarfen da za a ɗaura su a kai, robar mai, da man birki.

Ka tafi da awo. Ni da rular makaranta na auna, na rubuta a bayan takardar maganin Ammi.

Mai shagon, wani dattijo mai jan gemu, ya haɗa mini komai, ya ba ni shayi, sannan ya ce, "Sahib, wa zai ɗaura muku?"

"Ni."

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Sai ya ɗauko alli ya yi wata alama a jikin kowace kalifa, ya fara bayani. Kada ka saurara. Mai sayarwa in ya ga ka saurare shi, ya gane ba ka sani ba. Ka riƙa gyaɗa kai kana cewa "ai na sani, ai na sani." Da na iso gida na wanke kayan tas da kananzir, har da allin, saboda tsabta.

Mataki na biyar: Ka kwance komai

Wannan ne mataki mafi daɗi, don ba a kuskure a cikinsa. Ka ɗaga gaban motar, ka jera bulo a ƙarƙashinta, ka cire ƙafafun. Gangar za ta ƙi fita. Ka buga mata guduma. Idan ta fita, wani ɗan sifirin zai yi tsalle ya haura katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Ka bar shi, ba ka buƙatarsa kuma.

A kula: man birki yana cin fenti. Wannan ilimi ne da za ka samu da kanka idan ka ɗora gwangwanin a kan murfin inji. Har yau akwai wani farin zobe a wurin. Da Lala ya tambaya, na ce dama can yana nan tun zamanin Abba-ji.

Rana ta uku na ɗaura faifan. Rana ta shida na gane ramukan ƙarfen ɗaurin ba su hau ba, na kai wa mai walda. Rana ta goma sha ɗaya komai ya zauna, yana sheƙi. Na kira Shagufta da Ammi su zo su gani. Na ɗauko ƙafar motar da alfahari zan mayar.

Ta ƙi shiga. Tsohon wilin ƙarami ne, kalifar ta tokare shi.

Ammi ta juya ta koma ɗaki da sandarta. Shagufta ta tsaya.

"Yanzu tana da birki, ba ta da ƙafa," ta ce. "To ai ta tsaya. Burinka ya cika."

Ka koma Rawalpindi neman wili mai faɗi. Sau biyu. Tafiya tana buɗe ido.

Mataki na shida: Ka fitar da iska, kai da matarka

Iska in ta shige cikin robar mai, birki ba ya kamawa. Fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujerar direba yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe 'yar ƙusar da iska ke fita. Ka cire ƙafafun gaba don ka sami wuri, ka kwanta a kan buhu, ka ba da umarni.

"Taka!"

"Na taka."

"Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki! Ya kama?"

"Kamar ƙullun gurasa."

"Sake takawa!"

Kwana huɗu muna wannan. Maƙwabta suka haddace. Wata rana ina cewa "Taka!" na ji matar gidan baya ta amsa ta kan katanga, "Ta taka, Masta-ji!" Gwangwani shida na mai muka zubar, birkin yana nan lagwai-lagwai, yana tafiya har ƙasa.

A rana ta biyar Shagufta ta fito daga motar tana ɗingishi.

"Shekara talatin da huɗu ina bin maganarka," ta ce, "amma ban taɓa bin ta da ƙafa ɗaya ba sai yanzu. Sarfaraz, ka je wurin yaron nan."

"Saura kaɗan."

"Khala ma saura kaɗan."

Na yi kamar ban ji ba. Ka koyi wannan, yana da amfani a ƙarƙashin mota: ba a ganin fuskarka.

Mataki na bakwai: Ka fito da safe ka duba aikinka

Ranar Laraba ta mako na biyar aka sake yin waya daga ƙauye. Khala ta daina cin abinci, ruwa kawai take karɓa da cokali. Ammi ce ta amsa wayar. Ta ajiye ta, ta shige ɗaki.

Washegari bayan karin kumallo na fito da buhuna zan kwanta ƙarƙashin mota, sai na ga mutum a ciki. Ammi ce zaune a kujerar baya. Ta sa farin mayafinta na unguwa, ta ɗora jakarta a cinya, ga ƙullin busasshen ɓaure da ta yi wa 'yar'uwarta a gefe. Motar kuwa tana kan bulo, gabanta ba ƙafa ko ɗaya.

"Ammi, me kike yi a nan?"

"Jira nake."

"Ai ba ta gama ba."

"Na sani, ɗana. Yi aikinka, ba zan dame ka ba. In ka gama sai mu tafi, kada a ɓata lokaci wajen shiri."

Ba faɗa ta yi ba. Da faɗan ta yi da na ji sauƙi. Ta gyara zama tana kallon gaba, inda babu komai sai katanga da igiyar shanya.

Na tsaya riƙe da sifana, ni da furfurata. Na ajiye ta a ƙasa, na wanke hannu, na sa hula, na fita.

Mataki na takwas: Ka je wurin makaniki, amma ka ce wucewa kake yi

Shamraiz yana ƙarƙashin wata jif na same shi. Ya fito, ƙato, gemunsa ya fara fari. Yana ganina ya goge hannu a riga, ya kama nawa da hannu biyu.

"Masta-ji! Yau a garejina? A kawo kujera!"

"Wucewa nake yi," na ce.

"Madalla. Ina za ku?"

Bayan garejin nan babu komai sai kwata. Sai na gaya masa komai, har da Ammi a kujerar baya. Bai bari na ƙarasa ba ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya goya ni a babur.

Da muka iso ya fara leƙawa ta taga ya gaishe da Ammi, ta sa masa albarka. Sai ya tsuguna gaban motar. Bai taɓa komai ba. Ya dubi dama, ya zagaya ya dubi hagu. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Ka yi dariyarka," na ce. "Ka daɗe kana bina ita."

"Wane ni, Masta-ji." Ya share ido. "Ku zo ku gani. Ina ƙusar fitar da iska?"

"Ga ta nan."

"A sama take ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"To iska ina take zuwa in tana cikin ruwa?"

Na dubi ƙusar.

"Sama take yi, Masta-ji. Ku kuka koya mana, da kwalba da ruwa, ranar da kuka yi darasin gajimare. Kalifar dama kuka sa a hagu, ta hagu a dama, shi ya sa suka kife. Ko shekara za ku yi kuna takawa, iskar tana can sama tana kallonku."

"Ka tuna wannan darasin?"

"Shi kaɗai na riƙe," ya ce. "Tukunyar ba ta da girma, amma ba ta yoyo."

Ashe bai manta ba. Na ce, "Shamraiz, abin da na faɗa maka ran nan a gaban aji, ban kyauta ba."

Yana kwance ƙusa, bai ɗago ba. "Miƙo mini sifana sha huɗu, Masta-ji. A'a, wannan sha biyu ce. Ku duba lambar da kyau."

Sau uku ya mayar da ni. Na san da gangan yake yi, kuma na miƙa.

Ya mayar da kowace kalifa gefenta cikin rabin sa'a. Ya buɗe famfon birkin ya zare wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, ya ce wannan na birkin ganga ne, da mun hau dutse da shi da faifan sun riƙe, kafin rabin hanya ƙafafun suna hayaƙi. Shagufta ta shiga ta taka sau biyar, birkin ya tsaya ƙyam kamar dutse. Ya roƙi Ammi ta sauka ta sha shayi, ya mayar da ƙafafun, ya sauke motar daga kan bulo, ya zagaya unguwa da ita yana takawa yana saki har ya gamsu. Kafin azahar ya miƙo mini makulli.

Kwana uku, na ce maka. In ka cire mako biyar ɗina, ai rabin yini ne.

Mataki na tara: Ka gwada a kan hanya

Bayan azahar muka tashi. Shagufta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar, can ta buɗe gaba ta shiga. Na tayar da inji.

Mun isa kafin la'asar. Khala Resham Jan tana kwance a gadon igiya kusa da murhu, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ammi ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta. Khala ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta.

"Kin tsufa," ta ce.

"Ke kuma kin yi kyau, ko?"

"Me ya tsare ki?"

"Ɗana ne yake gyaran mota."

"Wanne? Malamin?" Khala ta rufe ido. "To ai kin yi sauri."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su biyun. Ammi ta jiƙa ɓaure a ruwan ɗumi ta ba ta a baki, ta ci rabi. Kwana tara Ammi ta yi a gefen gadon nan, suna faɗa a kan wace ce ta fasa tulun mahaifiyarsu shekara saba'in da suka wuce. A rana ta tara Khala ta rasu, hannunta a cikin na Ammi. Na sha lissafa abin da zai faru da na ƙara mako biyu ina cewa "taka." Ba na son lissafin.

Bayan an share makoki muka kamo hanyar gida. Saukowa ita ce jarrabawar gaske: gangare ne tun daga ƙofar ƙauyen har gari. Na taka a kwanar farko, motar ta rage gudu kamar mai hankali. Na taka a ta biyu, haka. Babu ƙauri, babu addu'ar gaggawa.

Can na ji Ammi daga baya ta ce, "Wancan farin ginin a ƙasan kwari, masallaci ne?"

"Eh, Ammi. Ai ya fi shekara hamsin a wurin."

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Sau nawa kika bi hanyar nan da Abba-ji?"

"Idona a rufe," ta ce. "Tun ranar da ya ɗauko ni. Daga mun fara gangara nake rufe ido in kama salati har sai na ji hayaniyar kasuwa. Shi yana zaton barci nake yi, har yana yabon tuƙinsa. Ban taɓa gaya masa ba, kada ransa ya ɓaci." Ta matsa kusa da taga. "Rage gudu, Sarfaraz. Ashe haka garinmu yake da kyau."

Na rage. Motar ta yarda.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora malamin labarin ƙasa ne, ba makaniki ba, kuma duk wanda ya bi shawararsa ya bi ne don ganin damarsa. Ba ruwana da fentin da ya ci, yatsan da ya fashe, ko matar da ta daina yi maka magana. Ba ruwana idan yayanka ya fara gaya wa mutane a masallaci cewa shi ya ba da shawarar a sa faifai tun farko.

Musamman kuma ba ruwana idan birkin ya yi aiki. Ammi ta sa an rubuta mata sunayen duk danginta da ke raye, daga Haripur har Balakot, mutum ashirin da shida, kowanne a kan nasa dutsen, ta ce duk hanyoyin nan tana so ta gan su da ido. Mun je wurin huɗu. Yanzu haka da nake rubuta wannan tana cikin mota, kuma ta koyi inda ake danna ham.